Shehu Muhammadu al-Kashnawi da Ilimin Wafaƙi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Kance ko Matamaye, ya ga an jawo allo da tawada an zana hatimi mai gida tara, wato wafaƙi, to ya ga wani reshe na ilimin hisabi, ko da bai ankara ba. Gama idan aka jera adadi daga 1 zuwa 9, aka zaunar da 5 a tsakiya bisa ƙa'ida, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsa 15 ce, ba ƙari ba ragi. Mai gida 25 kuwa 65 yake bayarwa, mai gida 49 ya ba da 175.

A wannan fanni ne Allah Ya ɗaukaka Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya yi karatu a hannun Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, ya ƙware a nahawu da ilimin taurari da hisabi, kafin ya ɗauki hanyar gabas domin sauke farali. A shekarar 1732 ya wallafa littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin cika wafaƙi mai gidaje na wuturi, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ya nuna wa ɗalibi gidan da zai fara ajiye 1, da yadda zai taka daga gida zuwa gida har ya kammala ba tare da lalube ba. A ganina nan ne darajarsa take, domin ya fitar da ƙa'ida a fili, alhali mu a yau mun riƙe hatimin don laya da rubutun sha, lissafin da ke cikinsa kuwa mun bar shi, abin da yake damuna ƙwarai.

Bayan ya yi hajji ya sauka a Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan malaman Masar a fannin falaki, kuma a gidan nan ajali ya riske shi a 1741, Allah Ya jiƙansa, bayan ya yi wasiyyar littattafansa ga mai masaukinsa. Ɗan mai masaukin nan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya rubuta tarihin rayuwar Shehu al-Kashnawi a cikin babban littafinsa na tarihin Masar.