Ruɓewar Ƙasan 'Ya'yan Tumatir: Nazari kan Bambancin Iri da Tasirin Ban Ruwa

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa dogon tumatir ya fi sauran iri ruɓewa ta ƙasa, ta kuma nuna cewa tsarin ban ruwa ya fi yawan kalsiyam ɗin da ke cikin ƙasar gona tasiri.

Yanayin matsalar

Alamar kan fara ne tun ɗan tumatir yana ɗanye, mako 2 zuwa 3 bayan fure. Tabo mai kamar jiƙa yakan fito a inda furen ya kaɗe, ya faɗaɗa, ya lotsa, ya yi baƙi ya bushe kamar fata. Manomi kan ɗauka cuta ce, ya kashe kuɗi a kan feshi. Ba ƙwayar cuta ke jawo ta ba. Fumfunar da ake gani a kan tabon daga baya take zuwa.

Kalsiyam yana bin ruwa ne ta jijiyoyin da ke hawa daga saiwa, ruwan kuwa ya fi karkata ga ganye saboda shi ya fi fitar da tururi. Kalsiyam ɗin da ya shiga ganye ba ya dawowa cikin 'ya'ya. Masu bincike Ho da White, a mujallar Annals of Botany ta 2005, sun danganta ruɓewar da ƙarancin kalsiyam a lokacin da ƙwayoyin halitta ke saurin buɗewa. Saure kuwa, tun a 2001, yana ganin ƙuncin zafi da fari da gishiri ne tushe. A ganin wannan maƙala, bayanan biyu ba sa karo a gona, domin duka suna komawa ga ruwa.

Bambancin iri

Dogayen iri, irin su Roma da San Marzano, su suka fi kamuwa. Jijiyoyin ruwa suna raguwa yayin da aka doshi ƙasan ɗan tumatir, tsawonsa kuma na ƙara nisan da kalsiyam zai yi. Manyan zagayayyu ma kan taɓu idan suna saurin girma. Ƙanana ba kasafai suke yi ba.

Abin damuwa shi ne Roma VF da UC82B suna cikin irin da masu noman rani a Kadawa da Kura suka fi shukawa, saboda taurinsu na jure doguwar tafiya a kwando zuwa Legas. A zafin Maris da Afrilu, fage kan bushe ƙayau kafin a sake sako ruwa, sannan a cika shi maƙil. Wannan hawa da saukar laima, haɗe da yawan yuriya da ke ingiza ganye, shi ne yanayin da ruɓewar ta fi samun gindin zama.

Tun da kalsiyam ɗin da ya shiga ganye ba ya dawowa cikin 'ya'ya, feshin kalsiyam a ganye bai cika biyan kuɗinsa ba. Ya fi dacewa a rage tazarar ban ruwa, a rufe ƙasa da ciyawa ko buntun shinkafa, a guji yanke saiwa wajen noma, a kuma tsinke 'ya'yan da suka taɓu tun da wuri.