Daga Kamazou Zuwa Kawo: Tarihin Zirga-zirgar Jama'a a Kaduna

Baƙon da ya sauka a Kamazou, kudu da Kogin Kaduna, da niyyar zaga wuraren tarihi na birnin a motar haya, abin da zai fara lura da shi shi ne kusan duk abin da ya zo gani yana ƙetaren kogi. Majalisar Lugga da Gidan Arewa da gidan ajiye kayan tarihi duk suna arewa. Sa'an nan kuma da wuya ya sami mota guda wadda za ta ɗauke shi daga masaukinsa ta dire shi a can, sai ya hau ya sauka sau biyu ko uku. Asalin wannan hali yana cikin yadda aka zana garin tun farko.

Tsofaffin birane irin su Kano da Zariya da Katsina an gina su ne bisa ga tafiyar ƙasa da ta jaki. Ganuwa ta kewaye su, hanyoyi sun taso daga ƙofofi sun nufi kasuwa da fada da masallacin Juma'a. Kaduna kuwa 'yar hanyar jirgin ƙasa ce. A shekarar 1911 ne dogo ya ratsa wurin, cikin ƙasar Gbagyi, a kan hanyarsa daga Baro zuwa Kano. Da Gwamna Lugga ya komo Nijeriya a 1912, sai ya ga Zungeru ba ta dace da zama hedkwata ba saboda zafi da sauro, ya zaɓi wannan mashigi inda dogo ya ƙetare kogi. Soja aka fara kawowa, daga baya ma'aikatun gwamnati suka taso a 1917. Bayan kamar shekara goma aka haɗa dogon da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan da na Ikko a babbar tashar da ke kudu da kogi, watau Kaduna Junction.

To, a nan ne aka raba aiki tsakanin gaɓoɓin biyu. Arewa ta sami gidan Gwamna da sakatariya da barikin soja da unguwar Turawa, kudu ta sami tasha da leburorin reluwe. Ko a arewar ma ba a bar mutane sun zauna gab da juna ba, domin ƙa'idar Lugga ta tsara garuruwa ta ce a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Bature yana da doki, daga baya ya sami mota, saboda haka nisa bai dame shi ba. Akawu da masinja da kuku su ne suka riƙa cinye wannan tazara da ƙafa, wanda ya sami hali ya sayi keke. Masu zanen garin sun yi tanadin tituna masu faɗi da itatuwa a gefe, amma ba su yi tanadin abin da zai ɗauki ma'aikaci ya kai shi bakin aikinsa ba.

Zamanin Sardauna ya ƙara wa kudu nauyi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta ƙasa baki ɗaya. Kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980 a kan hanyar Kachia. Dubban ma'aikata daga kowane sashe na Nijeriya suka zo neman abinci, Makera da Kakuri da Nasarawa suka cika, gari ya miƙe ya bi ta Television da Sabon Tasha. Ƙauyukan da ke bakin hanyar matata, cikinsu har da Kamazou, sannu a hankali suka zama unguwannin birni. Gwamnatin Jihar Arewa ta hango matsalar da wuri, shi ya sa ta ɗauko masanin tsara birane Max Lock, wanda rahotonsa ya fito a 1967 yana hasashen shekara hamsin masu zuwa. Abin takaici, a wannan shekarar ce aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi, yaƙin basasa kuma ya ɓarke, hankalin hukuma ya koma wani wuri.

Giɓin da hukuma ta bari, masu ƙananan motoci ne suka cike shi. Tun da garin ya zama doguwar igiya daga kudu zuwa arewa, kogi kuma ya tilasta wa kowa bi ta gada, sai hanyar bas ta zama ɗaya tak a zahiri: daga Sabo a ƙetare tsohuwar gada kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, a hau titin Ahmadu Bello zuwa Kasuwa, daga nan a canja mota zuwa Kawo ta titin Ali Akilu. Kiya-kiya da tasi ne suka riƙe wannan hanya a shekarun arzikin mai. Bayan 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari mai haya. Gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin manyan motocin jigila a 1988, amma bas ɗin gwamnati, kamar yadda kowa ya sani, ranar da ya lalace ita ce ranar da ya fara hutu. Daga nan acaɓa ya bunƙasa, musamman a unguwannin da ba su ga kwalta ba. Da masaƙu suka durƙushe, da yawa daga ma'aikatan da a da ake ɗauka zuwa aiki suka koma su ne masu ɗaukar wasu a bayan babur. Keke mai ƙafa uku ya samo sunansa daga hukumar NAPEP da aka kafa a 2001, ya kuma sami kasuwa sosai bayan da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni a 2014.

Akwai wani al'amari mai nauyi da ya sauya ma'anar gada. Rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002 sun sa mutane sun yi ƙaura zuwa inda suke ganin sun fi samun aminci, galibin Kirista suka koma kudu, galibin Musulmi suka koma arewa. Unguwannin kudu irin su Kamazou sun ƙara cika a wannan lokaci. Amma ofis da babbar kasuwa da kotu ba su yi ƙaura ba. Saboda haka ma'aikacin da ya koma kudu dole kullum safiya ya ƙetare kogi, ɗan kasuwar arewa kuma dole ya kai kayansa Sabo. A cikin bas ɗin Kasuwa ne mutanen da suka daina maƙwabtaka suke zama kafaɗa da kafaɗa, suna miƙa wa kwandasta kuɗin juna. Duk ranar da hankali ya tashi kuwa, direbobi ne suke fara juyawa tun kafin su kai bakin gada, kuma daga nan ne sauran jama'a suke gane halin da gari yake ciki.

Gadoji sun ƙaru daga baya. Titin da aka sa wa sunan Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a watan Disamba na 2012, ya bai wa yankin Kamazou mashiga zuwa arewa ba sai an zaga ta Sabo ba. An kuma buɗe sabuwar gadar sama ta Kawo a 2022. Waɗannan ayyuka sun rage cunkoso, sai dai mai motar kansa ya fi cin moriyarsu. Cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya sa kuɗin mota ya zama babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci, mazaunin nesa kuma shi ya fi jin jiki.

Baƙon da ya bi tsohuwar hanya, duk da haka, ba zai yi asara ba, don kuwa titin Ali Akilu ya tattara masa yawancin abin da yake nema. Majalisar Lugga, inda wakilan Arewa suka riƙa zama kafin 1966, yanzu ita ce Majalisar Dokokin Jiha. Gaba kaɗan akwai gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, inda zai ga sassaƙen Nok. Gidan Arewa yana titin Rabah, a gidan da Sardauna ya zauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar da shi cibiyar binciken tarihi a 1970. 'Yar gadar ƙarfe ta Lugga, wadda aka kwanto daga Zungeru, tana lambun Gamji a bakin kogi, kuma sai ya ɗauki shatar keke zai isa can. In kuma da jirgin ƙasa zai koma Abuja, kada ya nufi tashar da ta haifi garin, domin dogon zamani da aka buɗe a watan Yuli na 2016 a Rigasa ya tsaya, can yamma da birni, arewa da kogi.