Biza mai shiga sau da yawa: wa'adinta daban, kwanakin zama daban

Biza mai shiga sau da yawa izini ce ta zuwa wata ƙasa a kai a kai har ranar da aka rubuta a jikinta, ba takardar zama ba ce. A nan ɗan kasuwar Jega ko dillalin albasa na Aliero kan yi tuntuɓe: ya ga shekara 2 a fasfo, ya ɗauka duk nasa ne ya zauna.

Birtaniya tana bayar da bizar ziyara ta shekara 2, 5 ko 10, amma kowace ziyara ba ta wuce wata 6. A ƙasashen Shengen, irin su Faransa da Jamus, kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma fita a dawo ba ya goge lissafin baya. Amurka kuwa, a ranar 8 ga Yuli 2025 ta mayar da galibin bizar 'yan Najeriya ta wata 3, shiga ɗaya tak.

Abin da ofishin jakadanci ya fi dubawa shi ne hujjar cewa mai nema zai dawo gida. Ma'aikaci daga Maiyama ya haɗa takardar hutu da shaidar albashi. Ɗan kasuwa kuma rajistar sana'a da bayanan asusunsa na banki.

Ƙarin wa'adi ana nemansa ne a can, kafin kwanakin zama su ƙare, kuma ba tabbas ba ne. Shengen ba ta ƙarawa sai da babban uzuri, kamar rashin lafiya. Wanda ya zarce da fiye da kwana 180 a Amurka, in ya fita sai bayan shekara 3 zai sake shiga. In zarcewar ta kai shekara guda, shekara 10.