Amurka: Yadda fasahar zamani ta shiga ajin yaƙi da jahilci

A Amurka, manyan da ke komawa aji sun kasu kashi biyu: waɗanda ba su kammala makaranta ba suna neman ƙwarewa a karatu da rubutu da lissafi, da kuma baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar suna koyon Turanci.

Wani rahoto da cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin ƙasar ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa manya kimanin miliyan 43 ne ke da raunin karatu, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku nasu ba a Amurka aka haife su ba.

Tun a shekarun 1960 gwamnatin tarayya take ba da kuɗi domin ilimin manya. Amma yanzu sanin haruffa kaɗai ba ya isar mai neman abin kansa a ƙasar.

Me ya jawo sauyin?

Babban dalili shi ne, kusan duk ƙofar da ɗalibin zai ƙwanƙwasa ta koma kan kwamfuta.

A shekarar 2014 ne aka mayar da jarrabawar GED, wadda ke matsayin shaidar kammala sakandare, ta zama a kwamfuta ake rubuta ta.

A wannan shekarar ce kuma Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a kan dokar WIOA, wadda ta sanya iya aiki da na'urorin zamani cikin abubuwan da ake shirya manya da su domin samun aiki.

Daga shekarar 2018 kuwa, hukumar da ke ba baƙi shaidar zama 'yan ƙasa ta fara gwada karatu da rubutun Turanci a kan ƙaramar kwamfuta mai kama da allo.

Haka nan kamfanoni da dama ba sa karɓar takardar neman aiki sai ta intanet.

Me ake yi a cikin aji?

Malamai da dama ba sa ware kwamfuta a matsayin darasi na daban. Sukan ɗauko wata buƙata ta yau da kullum, su gina darasin harshe ko lissafi a kanta.

Alal misali, ɗalibai kan ɗauko hoton rubutun da ke jikin kwalbar magani ko jadawalin motar safa da wayarsu ta salula. Malami sai ya haska hoton da majigi, aji ya karanta tare.

Masu koyon Turanci kan naɗi muryarsu, su saurara, su kwatanta da ta malami domin gyara lafazi.

Akan raba ɗalibai biyu-biyu, ɗaya ya buɗe taswirar Google ya yi wa ɗan uwansa kwatancen hanyar asibiti da Turanci.

A darasin rubutu, akan sa su aika saƙon imel ga malamin 'ya'yansu, ko su cike fom ɗin neman aiki na gwaji. A na lissafi kuma, sukan tsara kasafin kuɗin gida na wata guda, ko su kwatanta farashin kaya a shafukan kantuna biyu.

Akwai kuma shafukan da aka tanada domin wannan aiki. USA Learns, wanda ofishin ilimi na yankin Sacramento a jihar Kalifoniya ya ƙaddamar a 2008, yana koyar da Turanci kyauta ta hanyar bidiyo. Shi kuwa Northstar, daga jihar Minnesota, yana auna ƙwarewar mutum a kan kwamfuta da intanet da imel.

Ina matsalar take?

Annobar korona ta 2020 ta tilasta mayar da azuzuwa kan Zoom da WhatsApp, inda ta fito da giɓin da ke akwai fili.

Ɗalibai da yawa ba su da kwamfuta ko intanet a gida, sai waya kawai, ga kuma wuyar rubuta dogon bayani a kanta. Wanda bai gama sanin haruffa ba kuma, ko kalmar sirri kan iya tsayar da shi kafin ya kai ga darasin.

Shin dabarar tana aiki?

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata an yi shi ne a Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker, wadda a lokacin take Jami'ar Tufts da ke Amurka, tare da ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services.

A shekarun 2009 da 2010, an koya wa manya a wasu ƙauyukan Dosso da Damagaram amfani da wayar salula a cikin ajin yaƙi da jahilci, da Hausa ko Zabarmanci.

Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna sun fi takwarorinsu da ba a koya wa wayar ba maki a rubutu da lissafi. Wayar dai ba ta maye gurbin malami ba, sai dai ta ba ɗaliban dalilin yin amfani da abin da suka koya bayan an tashi daga aji.