Dalma, Bawul da Injin Niƙa: Tarihin da Ya Shafi Anka da Bukkuyum

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa yara ƙanana na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinariya da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gari a Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru, ana zuba shi a injin niƙa irin na hatsi, ƙurar kuma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Tun daga lokacin ake maimaita magana guda: wai neman zinariya ba ya yiwuwa sai da wannan ƙura, ko dai a bar sana'ar ko a haƙura da gubar. An taɓa yin irin wannan magana game da injin mota, an kuma shafe shekaru ana yarda da ita, har ranar da aka gane cewa matsalar ta ƙira ce, kuma ƙira ce ta magance ta.

Duk bakaniken da ya taɓa kwance kan injin babur ko na ban ruwa a fadamun Gummi ya san bawul. Ɗaya yana buɗewa iska da mai su shiga, ɗaya yana buɗewa hayaƙi ya fita, kowanne kuma yana komawa ya zauna a kan wani siririn zobe da ake yankewa a karkace. Wannan mazauni faɗinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, amma aiki uku yake yi a lokaci guda: yana toshe matsin wuta, yana daidaita bawul a tsakiya, kuma ta nan ne bawul ɗin hayaƙi, wanda zafinsa kan haura digiri 700, yake sauke mafi yawan zafin da ya ɗauka. Yawancin injuna ana yanke mazaunin a kusurwar digiri 45, domin ita ce ke matse bawul da kyau tana murƙushe daskararren hayaƙi. Kusurwar digiri 30 ta fi barin iska ta wuce idan bawul ya ɗan buɗe kaɗan, amma ba ta kai ta 45 matsewa ba. Masu haɗa injunan tsere sai suka ƙara yanka biyu, ɗaya na 30 daga sama, ɗaya na 60 daga ƙasa, don iska ta lanƙwaso a hankali maimakon ta ci karo da kaifi. Wasu ma kan kai mazaunin digiri 50 ko 55 a injin da bawul ɗinsa ke buɗewa sosai.

Hanyar da iska ke bi cikin kan injin ita ma tarihinta na mutanen da suka ƙi yarda da zato ne. A 1912 Peugeot ya fito da motar tsere mai bawul huɗu a kowace silinda. A Ingila, Harry Ricardo ya nuna cewa jujjuyawar iska a ɗakin ƙonewa tana sa mai ya ƙone da sauri, Harry Weslake kuma ya yi suna wajen auna yawan iskar da ke ratsa kowace hanya kafin a taɓa ta. Abin da suka gano ya saɓa wa tunanin farko: faɗaɗa hanya ba shi ne ƙarfi ba, domin idan ta yi faɗi da yawa iska takan rasa gudu. Keith Duckworth ya tattara waɗannan darussa a injin Cosworth DFV, mai miƙaƙƙun hanyoyi da bawul huɗu da ba su karkace da juna sosai ba, kuma Jim Clark ya ci tseren Holan da shi a fitowar injin ta farko a 1967.

To ina dalma ta shigo? A Disamban 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da shi a Dayton ta Amurka. A Oktoban 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke New Jersey, masana irin su Alice Hamilton suka yi gargaɗi, amma kasuwa ta ci gaba. Daga baya aka lura da wani amfani da ba a nema ba: dalmar da ta ƙone tana barin shimfiɗa a mazaunin bawul ɗin hayaƙi. In babu ita, a injin da aka yanke mazauninsa kai tsaye a jikin ƙarfen zubi, bawul mai zafi yakan manne da mazaunin, ya ɓalle ɗan guntu a kowane bugu, har ya nutse inji ya rasa matsi. Wannan ya zama hujjar masu kare dalma. Amsar injiniyoyi kuwa mai sauƙi ce: tun farkon shekarun 1970 kamfanonin Amurka suka fara taurara mazaunin da zafin lantarki ko su dasa zoben ƙarfe mai tauri. Inji mai kan alminiyom, irin na Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, dama da dasasshen zobe yake zuwa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya ta rufe babin a duniya a 2021. Injuna ba su tsaya ba.

Wani zai ce kwatancen bai dace ba, tunda dalmar fetur mutum ne ya zuba ta, ta Anka kuwa a cikin dutse Allah ya halicce ta. Gaskiya ne, ba a iya cire ta daga dutsen. Amma dutse a rami bai kashe yaro ba. Busasshen niƙa a tsakiyar gidaje ne ya mayar da shi ƙura, wannan kuwa zaɓin na'ura ne da na wuri. Wani kuma zai ce kamfanonin mota suna da kuɗi da ɗakunan gwaji, mai haƙar zinariya a ƙauye irin Bagega kuwa abincin yau yake nema. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ita ce ke nuna inda alhakin yake. Ba direba ne ya taurara mazaunin bawul ba, doka ce ta tilasta wa masu ƙera inji. Haka nan ba daidai ba ne a ɗora wa talakan ma'aikaci nauyin sauya na'urar da ita kaɗai ya samu a kasuwa.

Abin da hukuma ta fi yi shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da kuma hani. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsaftace ta. A 2015 gubar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A Afrilun 2019 aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka ɗage haramcin a Disamban 2024. Alhali gwajin da MSF da abokan aikinta suka yi da masu haƙa a Neja ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa yana rage ƙurar dalma ƙwarai. Bayan ɗage haramcin, sharaɗin lasisi a Anka da Bukkuyum ya kamata ya ambaci irin injin da za a niƙa dutse da shi, da ruwan da zai jiƙa shi, da nisansa daga gidajen mutane.