Idan matsin iska ya yi yawa a injin mai turbo

Direbobinmu sun san abin: kana hawa tudu da kaya, sai fitilar injin ta kama, mota ta mutu da ƙarfi, ko ka taka ba ta ja. Sau da yawa kwamfutar motar ce ta rage ƙarfi da gangan, don iskar da turbo ke turawa cikin injin ta wuce kima. Idan makanike ya jona na'urar bincike, wadda a garaji ake ce wa baliz, lambar da ke fitowa ita ce P0234.

To, kada a yi gaggawar sayen sabon turbo. A fara da na'urar auna matsin iska, MAP. A buɗe kontak ba tare da tada injin ba: ya kamata ta nuna kusan bar 1, watau matsin iskar waje. Idan ta nuna fiye da haka sosai, ita ce ko wayarta ke ƙarya, turbo ba shi da laifi.

In ta nuna daidai, sai a duba ƴar ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo idan matsi ya isa. Tsatsa kan riƙe ta a rufe, ko siririn tiyon da ke motsa ta ya tsage saboda zafi. A motocin gazuwal masu turbo mai fukafukai masu motsi, baƙin hayaƙi ne ke daskarewa ya maƙale su, kuma wankewa kan isa.

Goge lambar kawai a ci gaba da tafiya ganganci ne: matsin na iya ƙona jowan kulas, har ya lalata fistan.