Gyara Matsalar Manhajar Sauya Takardu a Kan Sabar Bin Diddigin Ayyuka

Sabar bin diddigin ayyuka babbar kwamfuta ce da ofisoshi da dama ke amfani da ita tare, domin rubuta inda kowane aiki ya kwana, kamar haƙa rijiyar burtsatse ko gyaran ajin makaranta. Daga cikin manhajojin da ake ɗora mata akwai Trac, wadda Edgewall ya fitar a shekarar 2004, da Redmine ta shekarar 2006. A wannan bayani mun ɗauki Trac a matsayin misali.

Ana ƙara wa Trac wata ƙaramar manhaja mai sauya shafin rahoto zuwa takardar PDF ko Word, wadda za a buga a kai wa hakimi ko a manna a allon sanarwa. Idan ta tsaya, rahoto ba zai isa ga jama'a ba. Idan kuma ta fitar da shi a gurɓace, sunan gari ko alamar kuɗi na iya ɓacewa.

Yadda aikin ke gudana

Sau da yawa ƙaramar manhajar ba ita ce ke yin sauyin da kanta ba. Takan miƙa shafin ga wata manhaja dabam, kamar HTMLDOC ko LibreOffice, sannan ta karɓo takardar ta ba mai nema. Saboda haka matsala na iya fitowa daga ƙaramar manhajar, ko daga wadda take miƙa wa aiki, ko daga izini da haruffan da ke kan sabar. Muna ba da shawarar a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Matakan bincike

1. A tantance faɗin matsalar. Idan aiki ɗaya ne ya samu cikas, a duba saitinsa. Idan dukkan ayyuka ne, laifin yana kan sabar.

2. A buɗe kundin kurakurai. A cikin fayil ɗin trac.ini, a sashen logging, a mayar da log_type zuwa file, log_level kuma zuwa DEBUG. A sake gwada sauyin, sannan a karanta layukan ƙarshe na trac.log.

3. A tabbatar an kunna manhajar a sashen components, kuma an sake tayar da sabar yanar gizo bayan girka ta.

4. A duba dacewar zubi. Trac 1.6 ta shekarar 2023 tana aiki ne da Python 3, alhali an daina tallafa wa Python 2 tun farkon shekarar 2020. Tsohuwar manhajar da aka rubuta don Python 2 kan ƙi tashi bayan sabuntawa.

5. A gwada manhajar sauyin ita kaɗai. Idan ta yi aiki a hannun mai kula da sabar amma ta ƙi ta cikin Trac, mai yiwuwa matsalar izini ce. A Debian da Ubuntu, Apache na aiki da sunan www-data, kuma wajibi ne wannan suna ya samu izinin rubutu a jakar wucin gadi.

6. A duba ko wurin ajiya ya cika, domin fayilolin wucin gadi kan taru.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar rubutun Hausa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ, da alamar naira ₦, ba sa cikin tsohon tsarin ISO-8859-1. Idan suka fito a matsayin alamar tambaya, a mayar da saiti zuwa UTF-8. Idan 'yan akwatuna suka fito a gurbinsu, salon haruffan ne ba ya ɗauke da su; sai a girka DejaVu Sans ko Charis SIL a kan sabar, a umurci manhajar ta yi amfani da shi. Kada a warware matsalar ta hanyar cire ƙugiya, domin ɗaki dabam, daki dabam.

Hattara kafin gyara

Tun da sabar ta kowa ce, gyaran da aka yi wa manhajar da aka girka don dukkan ayyuka zai shafi kowane ofishi. A ajiye kwafin trac.ini, a sanar da sauran ofisoshi, a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Bayan an kammala, a rage matakin DEBUG, don kada kundin ya cinye wurin ajiya.

Kira ga jami'ai da jama'a

Muna roƙon jami'in da zai kai ƙorafi ya rubuta sunan aikin, da lokacin da abin ya faru, da saƙon da ya bayyana a allo. A kuma gwada takardar da aka buga da shafin asali kafin a sa mata hannu. Duk wanda ya ga sunan ƙauyensu ko adadin kuɗin aiki ya fito a gurɓace a allon sanarwa, ya sanar da ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa domin a sake bugawa.